Kawu Ilu da Hoton Akushi

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Kazaure ya san in Kawu Ilu kafinta ya ƙura wa kayanka ido, to ka yi sallama da su na mako guda. Ba sata ba, aro!

Abin ya faro ne lokacin da arzikin man fetur ya shigo, Kawu ya sayi rediyo, mai kanti ya haɗa masa da kalandar Japan. Babu mutum ko ɗaya a ciki, sai buta da tsintsiya da takalmin katako. Aka ce masa a jikin katako ake sassaƙa su, a shafa tawada, a danna takarda. Ya ce, "Ashe 'yan'uwana kafintoci ne!"

Shi ke nan shi ma ya fara sassaƙa hoton kayan gida a katako, gida ya shiga uku. Matarsa Inna Gaje tana tsakiyar girki ya ɗauke ludayi.

"Malam, miyar fa?"

"Miya kullum ana yi, Gaje. Ludayin nan kuwa bai taɓa hoto ba."

Tawadarsa baƙin tukunya da ƙaro, takardarsa buhun siminti. Na ce, "Kawu, a sayo farar takarda mana." Ya ce, "Ka taɓa jin tsintsiya ta yi ƙorafi?"

Wata Laraba da hantsi 'yan sanda biyu suka yi sallama. Wani ya kai tsegumi wai kafinta yana buga jabun sefa, kuɗin Nijar, a ɗaki ana kaiwa Babura ta bakin iyaka. Inna Gaje ta zube tana salati, don laifi ne na ɗaurin shekaru. Kawu ko gezau! Ya buɗe akwati ya baza musu takardu. Sajen cikinsu ya ɗaga ɗaya, ya juya, ya sake juyawa.

"Baba, wannan mene ne?"

"Akushi ne, yallaɓai. In ya sayo maka goro a Nijar, dawo ka ɗaure ni."

Saje ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Suka miƙe za su tafi, Kawu ya tare ƙofa.

"Ai bincike kuka zo, sai kun ƙarasa!"

Haka bayin Allah suka zauna har azahar ana nuna musu maburgi da faifai, Inna tana ta yi musu alama su gudu.

Da ya tsufa idonsa ya tafi, da yatsu yake shafa katakon, yana faɗin sunan kowanne. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna.