Ƙoƙunan Yaya Kulu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Malama Kulu, amma sai bana na ji zafin rashinta ya dawo mini sabo.

Aikinta horar da malaman ajin ƙananan yara ne, tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo. Buhun ƙoƙuna take ɗaurawa a bayan kabu-kabu, har muna tsokanarta cewa tallar fura za ta. In ta tara malamai sai ta zaunar da su a tabarma kamar yara. Ta ce a gida akwai tuwo iri biyu, na gero da na dawa, miya kuma uku, kuka da kuɓewa da yakuwa. Abinci kala nawa za a ci ba a maimaita ba? Kowa ya jera ƙoƙuna yana haɗa wannan tuwo da waccan miya, har ya gano da kansa. Dokarta ɗaya ce: "Kar ku hwaɗa ma yaro amsa. Ku bar shi shi lalubo ta da hannunai."

Watan jiya na raka jikata makarantarsu a Goronyo. Tun daga bakin ƙofa na ji ajinsu ya ɗauka da waƙa: "Tuwo biyu, miya ukku, shidda!" Har ƙwalla ta zo mini don murna. Da na shiga sai na ga ƙoƙunan da Kulu ta bar wa makarantar a kife saman kabad, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu. Na tambayi yaran, in aka ƙara tuwon shinkafa fa, nawa ke nan? Suka haɗa baki suka ce shidda.

Malamar ajin, wadda Kulu ta horar da hannunta, ta sunkuyar da kai. "Inna, mi za ni yi? Ɗiyan da 'yan bindiga sunka koro daga ƙauyukan Rabah duk nan anka zubo su. Masu duba aiki ko amsa suka son ji. Waƙa ta hi sauri."

Ban ga laifinta ita kaɗai ba, amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Da Kulu na raye, na san ba za ta yi faɗa ba. Tabarma za ta shimfiɗa ta sake farawa, ko yara ɗari ne. Mu da muka rage ba mu da wannan haƙurin.

Na roƙi ƙoƙunan na zo da su gida. Na wanke su, na jera wa jikata a tabarma, na ce ta haɗa mu gani. Ko taɓa su ba ta yi ba. Ta ce shidda, ta tsaya tana jiran in yaba mata.

Allah ya jiƙanki, Yaya Kulu. Amsar da kika hana a faɗa wa yaro, ita kaɗai ta rage mana daga aikinki.