Albasar Iri ta Gidanmu

Abu ɗaya nake cizon yatsa a kansa har yau da furfura ta cika mini gemu: ni ne na ɓatar da irin albasar gidanmu.

Lambunmu yana bakin rafi a wajen Surko. Da an kai amfanin damina gida, sai aikin rani ya kama. Tun asuba Babanmu yana kan jigo yana ɗebo ruwa, mu yara muna buɗe fangali ɗaya, in ya sha mu toshe da laka mu buɗe na gaba. Albasa ce babba, sai tumatir da tattasai da alayyafo a gefe. Ƙafa ta yi faso, baya ya ƙage. Amma miyar gidanmu ba ta taɓa zama lami ba, kayan sallarmu ma daga lambun suke fitowa.

Bayan lisha kakarmu Iya Dudu takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, ta bi ƙafafunmu da man kaɗanya. Ni take fara tsokana.

"Matso, angona. Mijin da fangali biyu suka kayar, da me zai ciyar da ni?"

"Iya, ke da ba ki da haƙori ai kunu ya ishe ki."

"Ja'iri. Buɗe kunne, ga wata nan tafe."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wani mai lambu da rijiyarsa. Wai rijiyar ta ce masa, "Ina shayar da kai kyauta. Abin da nake roƙo, duk shekara ka zaɓi albasar da ta fi kyau ka binne mini a gefena." Mutumin ya ce a ransa, rijiya tana da ido ne? Sai ya kai masu kyau kasuwa, ya binne mata ƙanana marasa kyau. Abin da aka binne ya yi fure, ya ba da iri, mutumin ya shuka. Albasa ta fito ƙanana. Ya sake ba ta na baya, aka sake samun waɗanda suka fi ƙanƙanta. A ƙarshe matarsa ta zo yanka albasa ta rasa inda za ta riƙe, ta yanke yatsa.

Nan muke fashewa da dariya, Iya tana tsotsar yatsanta tana kwaikwayon kukan matar. Dariyar kawai nake kwashewa. Ban lura ba cewa ita da kanta take zama ranar cirar albasa, tana juya kowace ɗaya a tafin hannu, tana ware jajaye masu siririn wuya. Waɗannan a rumfar kara ake ajiye su, su wuce damina, a dasa su don iri. Tun zamanin mijinta haka ake yi.

Lokacin da aka ba mu sabuwar jiha, Iya da Baba duk sun rasu, lambu yana hannuna. Motoci suka yawaita, albasa ta yi tsada tsakiyar damina. Wani dillali ya leƙa rumfar ya ƙi tafiya. Maiɗakina Hajara ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, wannan fa ta iri ce."

"Iri ai har a gwangwani ake sayar da shi yanzu."

Na loda masa duka. Irin gwangwanin ya fito manya, gwanin sha'awa, amma bai iya zaman rumfa ba. Ruwan sama na farawa ya soma ruɓewa. Sai a lokacin na gane abin da tsohuwar nan take yi da tafin hannunta, aikin shekara da shekaru ne na zaɓe, ni kuwa na sayar da shi da hantsi ɗaya.

Na hau babur har Basirka, inda gwaggona ta yi aure, ko ta tafi da irin. 'Ya'yanta suka ce sun daina shuka shi. Aka kwatanta mini wani tsoho a Farin Dutse. Na je na yi masa bayani, ya kalle ni ya ce:

"Ja mai siririn wuya? Ta gidan Dudu? Ɗana, ai a wurinku muke karɓa."

Har yanzu ina lambu, jikokina suna ci, alhamdu lillahi. Amma wancan irin ya tafi. Wanda duk ya karanta wannan, in a gidanku akwai abin da tsofaffi suke warewa su ce ba na sayarwa ba ne, don Allah ka tambaye su dalili tun suna da rai, kada ka yi irin tawa.