Fuskar Hajo a Kan Kwalin Kifi

Hajo 'yar masuntan Tunuga ce. Tun tana budurwa hayaƙin banda ya rina mata idanu, kullum jajur kamar wadda ta gama kuka. Shekara ashirin da shida ta yi a kamfanin Alhaji Alfari na Gaya, inda ake sayen kifi a bakin kogi, a banda shi, a cika kwalaye a aika Yamai da Malambil. Kada ka ji an ce kamfani ka zaci wani abu ne: mangaza biyu ce ta ajiyar kifi, da kamiyo ɗaya, tsohuwar motar kaya mai tarin tsiya, da mata wajen talatin. Hajo ce babbarsu.

Alhaji Alfari bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, bai taɓa rubuta doka a takarda ba. Ranar lodi sai ya tsaya a ƙofar mangaza, ya nuna kwalin da ya ga dama, a buɗe. Shi zai fara ɓantarar kifi ya kai baki, sai wadda ta cika kwalin ta ci, sai direba. Kowa ya san dalili. Busasshen kifi yana yin ƙwari, kuma akwai masu fesa masa maganin ƙwarin gona, har ƙuda ya ƙi sauka a kai. Wanda ya san zai ci da bakinsa kuwa, ba zai fesa ba. In kifi ya lalace, Alhaji ya sa a zubar, ya yi ta tsaki har la'asar, amma a zubar ɗin.

Wata shekara ƙanwar matarsa ta fesa a ɓoye. A gaban kowa ya sallame ta, ya ce, "Abin da ba mu ba ɗiyanmu, ba mu sa shi a mota." Gidansa ya yi wata guda ba daɗi, bai janye ba. Tun daga ranar Hajo take tafiya a kasuwa da kai a sama.

Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, ɗansa Muhyiddeen ya dawo daga Yamai ya hau kujera. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Hajo, Inna yake ce mata. Ya sa aka rubuta maganar uban a allo a bakin ƙofa, da manyan baƙaƙe. Ya kuma sa aka buga hoton Hajo a jikin kowane kwali, tana murmushi da kifi a hannu. Ta ji kunya, amma gaskiya ta ji daɗi.

Sai aka rufe gadar iyaka da ke tsakanin Gaya da Malambil. Kasuwar Malambil ta yanke, kifi ya taru a mangaza har rufi, ƙwari suka samu gida. Wata safiya Hajo ta shiga ta ji wurin shiru. Ta daɗe a tsaye kafin ta gane abin da ya ɓace. Babu ƙuda ko ɗaya.

Ranar lodi ba a fasa al'ada ba. An ajiye kwando ɗaya a ƙofa, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Muhyiddeen ya ɓantara ya ci, direba yana ɗaukarsa hoto da salula. Hajo ta wuce kwandon, ta jawo kwali daga bayan kamiyo, ta yage shi, ta miƙa masa kifi.

"Bisimilla, ɗan Alhaji."

Bai karɓa ba. Ya rage murya, ya nuna ƙofar ofishinsa, ya ce, "Inna, mu shiga biro."

"A nan babanka yake ci."

"Inna, in na zubar da wanga kaya, gobe sai in rufe ƙofa. Matan ga talatin ina za su? Wanga karo ɗai ne."

Ta juya ta dubi matan da ta koya wa aiki da hannunta. Kowace ta sunkuyar da kai. Wannan ya fi komai ci mata rai, domin a cikinsu akwai wadda ta riƙe bututun feshin, kuma duk sun sani. Ta ajiye kifin a ƙasa, ta ɗauki gyalenta, ta fita ta ƙarƙashin allon nan mai maganar Alhaji.

Sau biyu ta koma roƙon a cire hotonta. Aka ce kwalaye dubbai ne aka riga aka buga, ta yi haƙuri su ƙare. Ba su ƙare ba, kuma karon bai zama ɗaya ba. Ta koma banda nata ɗan kifin a gida, tana kasawa a tasha. Wanda duk ya tambaye ta abin da ya raba ta da kamfani, sai ta ce ciwon baya. Ta kasa buɗe baki ta ɓata sunan mutumin da ta ci arzikinsa shekara da shekaru. Ko 'yarta Sa'ida, da ke aure a Yamai da cikin wata bakwai, ciwon bayan aka gaya mata.

Wata Juma'a da hantsi Sa'ida ta kira, muryarta fes.

"Inna, cikin ga ya ƙi komi, sai miyar busasshen kifi. Safe da marece ita nike sha. Maigidana kwali guda ya sawo mini."

Hajo ta dafa bangon tasha. "Kwalin wa?"

"Na wa kuwa? Naku mana."

"Tun yaushe kike ci?"

"Wata na uku ke nan. Maƙwabta ma duk na sa sun koma saye. Wata ta ce tana tsoron kifin kasuwa, na nuna mata hoton, na ce wagga uwata ce, ki ci ido rufe." Sa'ida ta yi dariya. "Inna? Kina ji na?"

Hajo tana ji. Ƙudaje sun baibaye ɗan kifin da ta kasa a faranti, ba ta ɗaga hannu ta kore su ba.