Turancin da na koya a ƙofar ɗakin Inna

Shekarun baya, lokacin da tsohuwar motata ta gaji ta kwanta a gareji, na samu aikin tuƙi a wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse da ya zo aiki a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa. Abokina ne ya kai ni. Ya ce musu na san duk wata hanya daga Gumel zuwa bakin iyaka, wannan gaskiya ne. Ya kuma ce musu ina jin Turanci, wannan kuma shi da Allah.

Ni ko firamare ban gama ba. Turancina na tasha ne: go, come, stop, sai wani zagi da ba zan rubuta a nan ba. Injiniyan da aka ce in riƙa ɗauka mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Na ce a raina ai direba ba ya buƙatar abin da ya fi go da stop.

Ashe go ɗin nasu ba ya yawo shi kaɗai. Kullum da wata 'yar kalma a bayansa, kuma ita ce mai maganar. Go on, go off, go round. Ni kuwa da na ji go sai in ta da mota. Wata rana ina zuba ruwa a lagireto injiniya ya ce go on, wai in ci gaba da zubawa, ni kuma na miƙa masa jarkar na rufe bonet na shige mota na ba ta wuta, na bar shi tsaye da jarka a hannu. Bai yi faɗa ba. Da yamma ya kira abokina ya ce an ba ni lokaci zuwa ranar da manajansu zai zo duba aiki. In har lokacin ba ma fahimtar juna, za a kawo direba daga Kano. A shekarar kuma gero bai yi ba, motata tana kwance, ga iyali.

Mai Turanci kuwa tana cikin gidana. 'Yata ta fari ce, a lokacin tana kwalejin horar da malamai. To amma mu a gidanmu ana kunyar ɗan fari. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai. Ta durƙusa ta ce, "Baba ina kwana," in ce, "Lafiya," ina kallon wani wajen. In zan aike ta sai in ce da uwarta, "A gaya wa yarinyar nan." Yaran yanzu za su ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, haka mahaifina ya yi da yayana, haka na tarar. To wanda bai iya kiran sunanta ba, ta yaya zai zauna gabanta ya ce koya mini?

Mahaifiyata na kai wa kuka. In na dawo daga aiki kafin magariba nakan zauna a ƙofar ɗakinta in gaishe ta. Ranar na zayyana mata komai. Yarinyar tana ciki bayan labule tana guga. Inna ta saurara ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Washegari ina zama sai na ji muryar yarinyar daga ciki, da ƙarfi kamar mai magana da kurma.

"Tsohuwa, yau makaranta zan sa ki. Ce go ahead."

"Ke tafi can, ni da furfurata? Go me?"

"Go ahead. In mutum ya ce miki haka, izini ya ba ki, ki yi abin da za ki yi. Ba sai kin tashi kin tafi ba."

"To shi go ɗin ba tafi ba ne?"

"Shi kaɗai tafi ne. In aka ɗaura masa wutsiya, wutsiyar za ki duba."

"Oh ni! Magana har da wutsiya, sai ka ce tunkiya."

Na jawo rediyona na cire batir na mayar, na sake cirewa. Rediyon lafiyarsa ƙalau.

Haka muka kafa makaranta ba wanda ya ce an kafa. In na dawo sai in ce, "Inna, yau kuma cewa ya yi janareta zai go off." Inna ta juya ciki ta ce, "Ƙawata, kin ji, wai gwaf."

"Go off, tsohuwa. In inji ne ko wuta, ɗaukewa ne. In abinci ne, ya lalace. In ƙararrawar agogo ce, ta kaɗa."

"Kalma ɗaya da wannan uban aiki? Ai ta fi jakin gidan nan shan wahala."

Yarinyar ba ta jera su kamar hadda. Kowanne sai ta sa shi cikin maganar mota. Taya ta go down, iska ta sauka. Ruwa ya cinye hanya, sai a go round, a zagaya. An manta kaya, a go back, a koma. Takan ce, "Kada ki riƙe shi tsirara, tsohuwa, ki riƙe shi da maganar da ya zo a ciki." Ni kuma in injiniya ya shiga wajen haƙa, sai in zauna a mota ina maimaitawa kamar mai taɓin hankali. A hankali ya rage nuna mini abu da hannu.

Sai ƙanwata ta haihu a Gagarawa, Inna ta tafi zaman jego. A satin kuma aka ce manaja yana tafe, kuma ni da shi kaɗai za mu zagaya ƙauyuka, ba abokina, ba injiniya. Ana gobe zai zo, injiniya ya dafa motar ya ce in go over ta, ya kuma ce kada in go through Maigatari tunda ranar kasuwa ce. Na ce yes sir. Ban gane ko ɗaya ba.

Da na dawo gida na samu matata a madafa, na ce ko za ta zauna a madadin Inna. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ni ba ni da lokacin wannan wasan naku, ga tuwo a wuta. 'Yarka ce fa, Malam, ba surukarka ba. Buɗe baki ka tambaye ta."

Na zagaya tsakar gida, na duba tumaki, na duba randa. Daga ƙarshe na je na zauna a inda na saba. Tabarmar Inna tana naɗe a jikin bango. Na yi gyaran murya na ce, "Inna, yau cewa ya yi in go over mota, kuma kada in go through Maigatari."

Inna tana Gagarawa, duk gidan an sani.

Can sai na ji daga bayan labule, murya tana rawa don riƙe dariya: "Tsohuwa, go over shi ne ki bi abu ki duba shi daki-daki. Mai, ruwa, taya, birki. Go through kuma ki ratsa ta ciki. Yana nufin kada ki bi ta tsakiyar gari."

Na ji muciya ta faɗi a madafa. Matata ce take dariya har da tari.

Yarinyar ta ci gaba. "Kuma tsohuwa, gobe in ya faɗi abin da ba ki gane ba, kada ki ce yes sir. Ki ce please go over it again, wato ya sake bi miki maganar."

Na gwada faɗa ƙasa-ƙasa, harshena ya harɗe. Na sake, ya fi na farko lalacewa. Sai labulen ya ɗaga. Ta fito ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Baba, ba haka ba ne. Sake faɗa."

Ba zan ɓoye muku ba, na so in tashi in fice. Amma na tuna direban Kano, na sake faɗa. Ta ce, "Sake." Muna nan har aka kira magariba.

Washegari na ɗauki manaja. Mutum ne mai saurin magana. Na gane fiye da rabi, inda na ɓata kuma na faɗa masa abin da aka koya mini. Ya dube ni ya yi dariya, ya rage gudun bakinsa. Muka zagaya rijiyoyin, na kauce wa kasuwa, na dawo da shi lafiya. Da yamma abokina ya zo ya ce an bar ni. Na yi aikin har kamfanin ya gama ya tattara ya tafi, kuma da shi na ta da motata.

Da Inna ta dawo ta same mu a tabarma ɗaya, yarinyar tana yi mini tambaya ina amsawa. Ta ajiye ƙunshin kayanta ta riƙe haɓa.

"Wato an kore ni daga makaranta ba a gaya mini ba? Ni da nake ta ɗaya a aji?"

Turancin nan yawancinsa ya zube yanzu. Fasinjan Gumel zuwa Maigatari ba ya ce maka go ahead, cewa yake direba mu tafi rana tana yi. Ba na zagin kunyar da na gada, tana da wurinta, amma ta kusa hana gidana tuwo alhali maganin yana bayan labule. Yarinyar yanzu tana koyarwa a wata firamare, tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta. In ta kira mukan daɗe muna hira har uwarta ta gaji da jira ta ƙwace wayar. Sunanta dai har yau bakina bai iya ba. A wayata Malama na rubuta.