Gwaibar Wurin Alwala

Daga Agiye har ka kai Gazawa ka dawo, babu mai hannun dashe irina. Ni ne wanda in na soka muciya a ƙasa da hantsi, kafin la'asar sai an zo roƙon inuwa. Haka nake faɗa a majalisa, a yi dariya, ni ma in yi, sannan kowa ya tashi ya nufi gidan da ake jiransa. Ni kuma in nufi nawa.

Wata gwaiba ce ta jawo wannan kurin. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ita ta shuka ta a gidan hayar da muka zauna a Gidan Rumji, lokacin ina ɗinki a bakin kasuwa. Ba ta taɓa ɗaukar bokiti dominta ba. A gindinta dai take alwala, abin da ya ɗiga daga hannunta shi ne rabon gwaiba. Da ta rasu, yara sun riga sun watse, namijin yana Katsina, macen tana aure a Gazawa. Na ɗaure keken ɗinkina zan koma gidanmu na gado a Agiye. Kwanoni na rabar, gado na bayar. Gwaibar ce na kasa bari.

Tsakiyar bazara ce, irin ranar da ƙadangare ke gudu a kan yatsu. Gwaibar ta kai min ƙirji. Na haƙa, na datse saiwoyin da suka ƙi fitowa, na cusa gindin a buhu, na lulluɓe kan da babbar leda saboda iskar hanya. A mota kan cinyata na ɗora ta, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko amarya ce take jin kunya.

Da na kwance ledar a gida, cikinta sharkaf, kamar an yi yayyafi a ciki. Na ce Allah sarki, kuka ta yi tun daga tasha.

Taubashiyata, ƴar kawuna, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta sauka ƙasa lafiya ba. Ta leƙo ta ce, “Sarkin noma, wane kuka? Ruwan jikinta ne ganye ke fitarwa. Saiwa ke sha, ganye ke zubarwa. Ka sare mata saiwa, ka bar mata ganye kamar rumfar kasuwa. Tsige su, ka bar kaɗan a sama.”

Na ce ta je ta koya wa akuyarta noma. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ganyen nan su suka san marigayiya. Hannuna ba zai iya ba.

Sai na shiga ba da ruwa. Ruwan da na zuba a gindin nan, da kwalekwale aka kawo sai ya tashi. Matan famfo sun ɗauka gini nake. Da safe ganyen su miƙe, in ce ga shi nan. Rana na take tsakiya su sauke kai kamar kunnuwan tunkiya. In ƙara jarka, ƙasa ta zama taɓo, su ko a jikinsu. Daga baya ko da safen ma suka daina miƙewa, bakinsu ya fara ƙonewa. Nakan zauna gefenta da butata in yi alwala, ina ba ta labarin kasuwa, har da ƙarin gishiri yadda na saba. Babu mai cewa, “Kai, malam, ji tsoron Allah.” Wannan kalma ta marigayiya ce.

Ranar da na tafi Gazawa sunan jikata, akuyar taubashiyar ta sami ɓarakar katanga. Na dawo da la'asar na tarar da sanda tsirara, sai ƴan ganye a can ƙoli inda bakinta bai kai ba. Ihun da na yi, na tabbata an ji shi a Tibiri. Da muryar ta ƙare na zauna a ƙasa. Gidan ya yi tsit kamar ranar da masu gaisuwa suka gama tafiya.

Na daina zuwa majalisa, na daina jidar ruwa. Alwalar dai ban canza mata wuri ba, don ban san inda zan kai butar ba.

Wata safiya ina wanke ƙafa na ga wani abu ja-ja a jikin sandar, bai kai ƙwayar dawa ba. Na kankare ɓawon da farce, ciki kore shar. Ƴar saiwar da ta rage ta ishe ta, tunda ganyen da ke zubar da ruwan sun ragu. Ko hula ban tsaya ɗauka ba, na isa majalisa ina shelar cewa na tayar da busasshen icce.

Yanzu gwaibar ta wuce katanga. Ƴaƴanta na fari na zuba a faranti na kai wa taubashiyar, na ce, “Ɗanɗana ki ji hannun gwani.”

Ta zaɓi mafi girma, ta juya ta, ta jefa wa akuyar.

“Bari mai aikin ta fara ci,” in ji ta. “Kai ai ɗan ga-ruwanta ne.”