Jan Ƙyallen da Na Kwance a Lambun Baba

Assalamu alaikum. Ƙarar busasshen iri a cikin gora, wannan kacau-kacau da yake yi idan an girgiza shi, ita ce mafarin abin da zan ba ku labari. A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya uku a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Gezawa. Na gama sakandare kafin aurena, ba na wasa da salla, kuma an san ni da tausayi, don ko kaza za a yanka sai na kau da kai. Na faɗi haka ne don a san ba mugu kaɗai zargi ke kamawa ba.

Muna zaune a gidan mahaifin maigidana, wanda kowa ke kira Baba. A bayan gidan akwai lambunsa mai rijiya ɗaya, ƙofarsa ta cikin gida take, shi ya sa mu mata muke shiga ba tare da mun fita waje ba. Baba bai taɓa zuba takin zamani ko maganin feshi a cikinsa ba. Kashin awaki da toka da sharar gida su ne takinsa, idan ƙwari suka taso ya jiƙa ganyen darbejiya da barkono ya yayyafa. Yana shuka alayyafo da albasa da tattasai, amma abin alfaharinsa wani tumatir ne ƙanana mai kaurin fata, wanda yake daɗewa a kwando bai ruɓe ba. Irinsa daga mahaifinsa ya gada, ba a sayar da shi a kowace kasuwa. A shekarun da tsada ta matsa, buhun taki ya gagari talaka, maƙwabta da yawa suka ajiye noman rani, lambun Baba kuwa ko gezau, don ba ya buƙatar komai daga shago. Shi ya riƙe mana tukunya. Maigidana yana aiki a kasuwar Dawanau, sai ranar Juma'a yake zuwa, kuma bai damu da lambun ba. Ni ce na damu. Ina kallon Baba yana tsufa, ina kallon 'ya'yana, ina lissafin hannun da lambun zai faɗa.

Ana haka ƙanwar maigidana ta dawo gida bayan ta gama takaba. Gwaggon yara muke ce mata. Mace ce mai shiru, ba ta da ɗa, ba ta shiga harkar kowa. Wata rana da hantsi, Baba yana zaure, ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji ƙarar nan daga ɗakinsa. Na san gorar iri ce, na kuma san ko maigidana ba ya taɓa ta. Na leƙa, na ga Gwaggo ta zuba iri a tafin hannu tana ƙirgawa, ta naɗe a tsumma ta soke a zani. Da ta fito muka haɗa ido ta ce mini sannu da aiki, na amsa. Da na tambaye ta a nan, da magana ta ƙare. Amma na yi shiru, kuma daga ranar duk motsinta idona na kai.

Bayan kwana biyu na tsinci tsumman a bayan randa, a jiƙe, an ƙulle shi tam. Na ɗauka asiri ne. Ban kwance ba, na yi bisimilla na ɗauke shi da tsinke na jefa a murhu. Na ga Gwaggo tana dube-dube a bayan randar da yamma, ta tambayi yara ko sun ga wani tsumma, ni kuwa na ci gaba da dakana kamar ban ji ba. Sai kuma na lura kullum da sassafe ita da Baba suna shiga lambu, tana gaba yana biye da hannunsa a kafaɗarta, suna magana ƙasa-ƙasa, idan na matso sai su yi shiru. Ba a jima ba jan ƙyalle ya fara bayyana a jikin tumatir, ba a kan kowane ba, sai a kan waɗanda suka fi kyau da yawan 'ya'ya. Na ƙirga goma sha biyu.

Kuskurena na biyu shi ne kai maganar wurin mai kitsona. Ta saki gashina ta tafa hannu, ta ce lallai ni boko ya cinye ni, wai yaushe mace ke ɗaura jan ƙyalle a gona don Allah? Ta ce ko dai an kama tsohon ne da asiri, ko kuma ana shata rabon gado tun yana da rai, kuma idan na ci gaba da wannan kunyar tawa, 'ya'yana ko ganyen alayyafo sai sun roƙa. Na dawo gida kitso rabi a kai, zuciya a cike. Da maigidana ya zo na gaya masa, ya yi dariya ya ce in bar tsoho da 'yarsa, in kuma abin ya dame ni ga Baba nan a zaure, in tambaye shi. Na ce ina ni ina tuhumar suruki? Haka kunya ta hana ni tambaya, amma ba ta hana ni ɓarna ba.

Zafi ya fara shigowa, lokacin tsinkar ƙarshe ya zo. Ranar nan Gwaggo ta ce za ta raka Baba asibiti a birni, za su kwana biyu a gidan wani ɗan'uwa. Ba su faɗi ciwon ba, wannan ma na sa shi a cikin zargin, na ce takardar mallakar lambun za a je a rubuta. Kafin su tafi Baba ya ce idan mai sayen kaya ya zo a tsinke masa abin da ya nuna, amma masu ƙyalle kada a taɓa. Na ce to. Suna fita na shiga lambu, ina karanta Ayatul Kursiyyu, na kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya na ƙone su. Wallahi a lokacin gani nake aikin lada nake yi. Da mai saye ya zo na sa aka gaya masa ya kwashe duka, nunanne da ɗanye, tunda ƙarshen kaka ne. Washegari na sa aka saki awaki suka cinye abin da ya rage, kamar yadda ake yi kowace shekara idan an gama.

Da suka dawo, Baba ko ruwa bai sha ba ya ce a kai shi lambu. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga abin da na kasa gani wata da watanni, duk da sa idon da nake yi. Baba ya durƙusa yana laluben ƙasa da hannu, yana neman itatuwan da ke gabansa a tattake. Ashe idonsa ne ya tafi. Ya ɓoye don kada a ɗauke shi daga lambun a zaunar, Gwaggo kaɗai ya gaya wa, ita ce idonsa. Ya yi salati, ya zauna a kan kunyar shuka. Sannan ya kira ni da sunan "'yata", kamar yadda ya saba, ya tambayi wanda ya kwance ƙyallayen. Na ce ni ce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ruwan damina ya yi yoyo a kan gorar, irin ciki ya lalace, shi ya sa ya ce Gwaggo ta jiƙa kaɗan a tsumma su ga ko zai tsiro. Ya ce ƙyallen alama ce ta waɗanda za a bari su nuna lugub a jikin uwarsu, a matse, a wanke, a shanya a inuwa, a gauraya da toka, su zama irin baɗi. Ya ce ƙasa malamai za su raba ta yadda Allah ya ce, wannan ba ya tsoronta, amma iri da sanin aiki ba a raba su a zaure, sai an miƙa hannu da hannu. Niyyarsa Gwaggo ta koya ta riƙe, har 'ya'yana su girma ta miƙa musu, tunda ita ba ta da nata.

Mun shuka abin da ya rage a gorar da rani ya zagayo, ƙalilan suka tsiro, su ma ba su yi rai ba. Gwaggo ta bi gidajen da Baba ya taɓa ba iri, kowa ya ce ai ya daɗe da komawa irin leda na kanti. Baba ya rasu kafin wata damina. Ya ce ya yafe mini, Gwaggo ma ta ce ta yafe, amma da wani ya nemi aurenta a can wajen Gezawa ba ta yi jinkiri ba, kuma na san dalili. Lambun yana hannunmu yanzu, abin da na yi ta hanƙoro. Irin kanti muke shukawa, ba ya yi sai da taki da feshi, shekarar da ba mu da hali sai mu bar shi ciyawa.

'Yan'uwana mata, ku ji tsoron zato. Ni ban yi sata ba, ban zagi kowa ba, da addu'a a bakina na kashe abin da aka riƙe tun kakanni. Idan kika ga abin da ba ki gane ba a gidan miji, ki tambayi mai shi kafin ki tambayi mai kitso. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce. Babbar 'yata tana da shekara takwas a lokacin, kullum tana gindin kakanta. Kwanaki ta tarar da ni ina kuka a bakin rijiyar lambu, na ba ta labarin duka. Ta dube ni ta ce, "Umma, ai ni ma na san na iri ne. Da kin tambaye ni da na gaya miki."