Kiran Da Malam Badamasi Ya Amsa

Malam Badamasi ba shi da gona, ba shi da shago, muryarsa ce abincinsa. A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, benaye na ta tsirowa a Abuja, shi yana wani ɗan ɗaki a bayan laburaren jami'a, yana karanta wa ɗalibai makafi littattafansu a kaset. Murya ce garau, kuma ya san da haka. Ko ruwan sanyi ba ya yarda ya sha.

Doka ɗaya ya taho da ita daga garinsu Abaji, ta mahaifiyarsa: kada ka amsa kiran da ba ka ga mai yin sa ba. Yelwa, wata makauniya mai karatun lauya, ta mayar da abin na tsokana.

"To ni fa, Malam? Haka zan mutu ban amsa wa kowa ba?"

Yarinyar akwai naci. Duk kaset ɗin da ya ba ta, sai ta ɗauki tambayarta a ƙarshensa ta dawo masa da shi. Ya yi ta mita, amma a ransa daɗi yake ji, don ita kaɗai ke sauraronsa har ƙarshe.

Bayan hutu, ana gab da jarrabawa, ya tarar da kaset ɗinta a kan teburinsa. Rana tsaka ce, ɗalibai na ta hayaniya a waje. Ya saka a rikoda ya danna.

"Malam Badamasi?"

"Na'am," ya ce, kafin ya ankara.

Zaren ya yi ta juyawa shiru. Can sai muryar ta ce, "Yauwa. Ka amsa."

Ya kashe rikoda. Yana nan sandare sai ga Jacob, direban motar ɗalibai, ya leƙo.

"Oga, ka ji labari? Yarinyan nan naka, Yelwa, ya rasu a garinsu Karshi tun farkon hutu."

"Innalillahi! To wa ya kawo kaset ɗin nan?"

"Wane kaset, Oga?"

Washegari ya daure ya karanta wa sauran ɗalibai babi guda. Da ya mayar da zaren baya, babu komai sai shuuu. Aka canja rikoda, aka ɓare sabon kaset. Jacob ya yi tari, tarin ya fito raɗau. Badamasi ya yi magana, kowa a ɗakin ya ji shi, kaset bai kama ko harafi ba. Ranar da aka mayar da shi jera littattafai, ya yi kuka kamar yaro.

Amma har ya yi ritaya, in an tashi cin abincin rana sai ya koma ɗakin ya rufe ƙofa, ya buɗe littafin shari'a ya yi ta karanta wa rikoda. Wasu suka ce ya taɓu. Jacob bai ce ba, don ya taɓa sauraron ɗaya daga cikin kasa-kasan har ƙarshe. Bayan dogon shirun, sai ya ji an ce a hankali:

"Malam, ka cika sauri. Maimaita min shafin nan."